Yayar Ɗan Inna a Japan

Tun da na dawo ban huta ba. A gidan biki a tare ni, a Islamiyya a tare ni, har Hajiya Balaraba ta taso takanas daga Gwammaja wai ta zo yi mini sannu da zuwa, alhali so take ta ji ko da gaske ne mutanen can ɗanyen kifi suke ci. Da gaske ne, Hajiya. Ni ma na ci, ga ni kuma da raina. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in sha iska.

Haihuwa ce ta kai ni. Babban yaron gidanmu, wanda ya tafi karatun injiniya ya samu aiki ya zauna can, shi ne matarsa ta sauka. Sunansa ba zan rubuta ba, ba kuma wadda ta isa ta sa ni, ɗan fari ne. A unguwarmu, Soron Ɗinki, Ɗan Inna ake ce masa, don ranar da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, a can ya girma har ya yi gemu. Ita yake kira Inna. Ni kuwa ya ji ƙannen mijina suna ce mini Yaya, shi ma sai ya bi sahu. Haka muka zauna gida ɗaya, shi yana Yaya, ni ina "kai" ko "wannan yaron". Inna ta rasu bara waccan, da aka haifi mace ya sa mata sunanta, ana ce mata Ummi. Malam, maigidana, ciwon gwiwa ya hana shi tafiya, sai aka ce ni in je.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, daga nan muka hau wani jirgin da na ɗauka ba zai taɓa sauka ba. Rana ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, na rasa azahar na rasa la'asar, sai na riƙa yin salla a zaune duk sanda zuciyata ta ce lokaci ya yi. Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne Inyamuri mai sayo kayan mota, ya sha zuwa ƙasar. Shi ya koya mini sunkuyon gaisuwarsu, ya kuma tambaye ni ko na ɗauko nama a kayana. Na ce masa a'a, don ni a wurina kilishi ba nama ba ne, tsaraba ce.

A filin jirginsu jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni wurin wa na zo, in faɗi sunansa. Ni da na koyar da Turanci a firamare har na yi ritaya, sai ga ni na tsaya kamar kurma. Ba Turancin ne ya gagare ni ba, sunan ne. Na tura masa takardar gayyata, na ɗora yatsa a kai. Ya ce, ɗanki ne? Na gyaɗa kai ina kallon bango. Na wuce nan ke nan sai wani ɗan kare mai riga ya zo ya zauna gindin jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka zaro kilishin nan da na aika har Agadasawa aka yi mini. Mata biyu suka yi ta sunkuya mini suna ba ni haƙuri suna zuba shi a leda. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum kaya da ladabi haka ba, har ni na ƙare da yi musu godiya.

Yaron nan yana tsaye a bakin ƙofar fita. Da ya hango ni sai ya durƙusa a tsakiyar mutane, masu wucewa na kauce masa.

"Yaya, sannu da hanya."

"Yauwa. Na same ku lafiya?"

Allon da ke nuna lokacin jirage nake kallo ina amsawa, amma na gan shi sarai. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Raina ya so in dafa kansa. Sai na miƙa masa jaka na ce ya yi hankali, akwai kwalbar man shanu a ciki.

Jirgin ƙasa ya kai mu Kiyoto, gidan uwar matarsa. Ashe su ma mai jego gida take komawa wanka, sai dai ba ruwan zafi da ganye, ba kunun kanwa, ban san me suke ɗauka jego ba. Matar tasa ta musulunta kafin auren, sunanta yanzu Amina, yarinya mai sanyin hali, tana jin Turanci. Uwarta kuwa 'yar tsohuwa ce ƙarama, mijinta ya rasu, ita ma malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ba ta jin komai sai yarensu. Sunanta ya gagari harshena, na sa mata Maman Amina. A bakin ƙofa ta sunkuya, na sunkuya. Na ɗago na ga ta sake sunkuyawa, na sake. Ni 'yar cikin gari ce, ba a fi ni gaisuwa, ita ma ashe haka take ji da kanta. Sai da bayana ya amsa Amina ta zo ta raba mu.

Kwana kuwa a ƙasa, kan katifa sirirya bisa tabarma. Na baro gadona na Kano na ƙetare duniya don in kwanta kamar mai zaman makoki. Takalmi iri-iri: na shiga gida daban, na banɗaki daban. Washegari na fito daga banɗaki na shigo falo da na banɗakin a ƙafata, na zauna na harɗe ina shan shayi. Tsohuwa ta kalli ƙafata, ta kalli rufin ɗaki. Yaron nan ne ya matso ya raɗa mini. Abinci ma haka: shinkafa ba miya, miya ba mai, ga sanduna biyu wai da su za a ci. Na nemi cokali ba kunya. Abin da ya cece ni wani wake ne mai yauƙi da suke ci da safe, wanda suka ce baƙi gudunsa suke yi. Ina shinshinawa na ji daddawa ce tsaf. Na barbaɗa yaji na cinye, tsohuwa ta tafa mini kamar na ci jarrabawa.

A wurin cin abincin nan ne ta ji yana ce mini Yaya, ta tambaye shi ma'anar kalmar. Ya ba ta amsa a taƙaice ya ci gaba da cin abincinsa. Ta dube ni ta yi wata magana tana murmushi.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ki tsufa ba, Yaya."

Na gyara ɗaurin ɗankwali. Wace ce ba ta son jin haka?

Da rana shi yana wurin aiki, Amina na fama da jaririya ko barci, sai mu rage ni da tsohuwa da waya. Ya sa mini wata manhaja, in yi magana da Hausa ta faɗa da yarensu, ita ma ta yi ta dawo mini da Hausa. Hausar tata dai sai a hankali, ranar da na ce sannu da aiki ban san me ta faɗa ba, na ga tsohuwa ta ajiye tsintsiya ta je ta kwanta. Saboda haka da wayar ta ce mini, "Ke da ƙaninki kuna kama sosai," sai na ce shirmen na'ura ne. Da ta sake faɗa washegari na gane ba na'ura ba ce. Tambayar da ta yi a kan tebur ce: ya ce mata Yaya na nufin babbar 'yar'uwa, ita kuma ta riƙe. Ya kamata in gyara a take. Amma me zan ce? Kuma, tsakani da Allah, abin ya yi mini daɗi. Ina shekara sittin da ɗoriya an mai da ni yayar injiniya, har tafiyata ta sauya.

Tsohuwar nan tana da wani tsohon labari na gidan sarautarsu, wanda wata mata ta rubuta tun kafin a gina ganuwar Kano. Ita da ƙawayenta suna haɗuwa su karanta shi, in sun kai ƙarshe su koma farko. Ta shimfiɗa mini wata babbar takarda a kan tebur, an zana mutanen labarin da layuka, wannan ya haifi wannan, wannan ya auri waccan, kamar saƙar gizo. Ta ce abin da ke wahalar da baƙi shi ne ba a kiran kowa da sunansa. Mace sunan ɗakinta ake kiranta da shi ko unguwarsu, namiji da muƙaminsa, in muƙamin ya sauya sunan ya sauya. Na ce mata wannan ai gidanmu ne. Muna da Gwaggon Dala, muna da Hajiyar Bene, muna da Baba Ƙarami wanda ya fi kowa tsufa, ni kaina sai da na yi shekaru a gidan kafin na san sunan Inna na yanka. Ta yi murna ƙwarai, ta ce ta samu ɗaliba. Ni kuma na shiga fankama, ina nuna mutane a takarda ina yanke musu hukunci kamar maƙwabtana.

Ga yadda na fahimci labarin. Wani sarki ne yake da ɗa da yake so fiye da kowa. Uwar yaron ta rasu yana ƙarami, kakarsa ta riƙe shi, ita ma ta rasu. Yaro ya tashi kyakkyawa, mai baki, ga shi kullum yana neman fuskar uwarsa a fuskar matan duniya. Matan kuwa duk a bayan labule suke zaune, sai dai su leƙo. Har nan ina tausayinsa. Da aka zo inda ya haifi ɗa a ɓoye da matar da ba ta halatta gare shi ba, aka bar yaron ya tashi a matsayin ƙaninsa, sai na yi salati na ture takardar. Na ce wannan gida ba malamai a garin ne? Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce in yi haƙuri in ji ƙarshe. Yaron ya girma ya hau sarauta, daga baya wani ya tsegunta masa cewa wanda yake ɗauka wansa ne, shi ne ubansa. Ya sani, uban ma ya gane ya sani. Suna zaune fada ɗaya, suna gaisawa, suna zancen mulki, har suka rabu ba wanda ya buɗe baki ya faɗa.

Nan na tashi da faɗa. Na riƙe waya na ce, "Wannan ai ragon namiji ne. Ɗanka na gabanka, ya san kai ne, kai ma ka sani, kalma ɗaya ta gagare ka? Me zai ci ka in ka faɗa?"

Wayar ta juya mata. Ta gyaɗa kai, ta ce ita wannan wurin ne yake sa ta kuka duk shekara. Sannan ta dafa hannuna ta yi magana mai tsawo, wayar ta karanto mini da muryar nan tata marar rai:

"Ina tuna ƙaninki idan na karanta. Lokacin da mahaifiyarku ta rasu ya zauna a nan ya yi kuka kamar yaro. Ya ce Inna ta tafi, ba shi da kowa da zai kira shi da sunansa. Na gode da kika zo a madadinta."

Ban san lokacin da na ajiye wayar ba. Na ce mata kaina ke ciwo, na shiga ɗaki. Ni da na gama zagin mutumin da ya mutu shekara dubu, in ma ya taɓa rayuwa. Shi ko banza yana da abin kunyar da yake ɓoyewa. Ni da aurena da sadakina da ragon suna, me nake ɓoyewa? Na tuna yadda nake tsame tsoka mafi kyau in sa a kwanon Inna don na san wa zai ci. Na tuna ranar da ya faɗo daga katanga ya fasa goshi, ina bayan labule ina leƙe, ban fito ba don kada a ce ba ni da kunya. Ban yi laifi ba, haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Amma ranar nan na ji zafi irin wanda ban taɓa ji ba, na yi kuka a kan katifar mutane.

Ana haka sai ga maganar hoto. A al'adarsu in jariri ya yi wata guda ana kai shi wurin ibadarsu. Wannan an ajiye shi tunda iyayen Musulmi ne, amma hoton dangi da ake ɗauka ranar tsohuwa ta ce ba za a fasa ba. Kuma a hoton, uwar uba ce take rungume jariri, a lulluɓe su tare da wata riga ta alharini a ɗaure mata a baya. Ba uwar jariri ba, ba uwar uwa ba, uwar uba. Tsohuwa ta gaya mini ta waya cewa tunda tasu ta rasu, ita za ta riƙe Ummi a madadinta, ni kuma in tsaya a gefe in riƙe hoton Inna. Har ta sa an wanke hoton an sa a firam. Ta tambaye ni ko hakan ya yi. Na ce ya yi.

Ranar Juma'a yaron nan ya ɗauke ni zuwa masallaci. A jirgin ƙasa muna zaune gefe da gefe, kowa a ƙasar nan shiru kamar an yi mutuwa, sai na yi ƙasa da murya.

"Kai. Surukarka fa ta ɗauka ni yayarka ce."

Ya juyo da sauri. Na ba shi labari, na haɗa da zancen hoto. Ya dafe kai, ya fara dariya, sai kuma ya daina.

"Wallahi ban lura ba, Yaya. Amina ma ba ta sani ba, da ta gyara."

"To sai ka gaya mata."

"To. Me zan ce mata?"

"Ka san abin da za ka ce."

Muka wuce tasha guda. Yana kallon takalminsa ya ce, "Na san abin da ke cikin takardar haihuwata. A bakinki ne ban taɓa ji ba."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, da ma ya yi rashin kunyar da na samu abin faɗa. Na ce masa ya matsa, ya danne mini mayafi. Har muka je muka dawo ba wanda ya sake tayar da maganar, na kuma lura bai gaya wa kowa ba. Ya bar mini kayana.

Ranar hoto na sha leshi na kafa ɗauri, na shiga mota da hoton Inna a cinyata. Ɗakin ɗaukar hoton fari fat, fitilu ko'ina. Wata ma'aikaciya ta zaunar da tsohuwa a kujera, ta ɗora mata Ummi, ta warware rigar alharinin nan ja mai zanen furanni za ta lulluɓa musu. Aka nuna mini inda zan tsaya, can gefe, bayan Amina. Na je na tsaya. Na kalli Inna a cikin firam, ita ma tana kallona da idon nan nata na "me kike jira". Waya na cikin jaka, jaka na bakin ƙofa. Na ga in na tsaya nemanta za a ɗaure rigar.

Sai na ji muryata ta fito, da Hausa, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, irin muryar da nake tsawata wa 'yan aji uku.

"Ni na haife shi."

Kowa ya tsaya. A ɗakin nan kaf mutum ɗaya ne ya ji abin da na ce, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ƙi fassarawa. Na dafa cikina, na nuna shi, na sake cewa, "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Amina ce ta fara ganewa, ta rufe baki da hannu, ta yi wa uwarta magana da sauri. Tsohuwa ta kalle ni, ta kalle shi, ta kalli hoton da ke hannuna. Sai ta miƙe da jaririya, ta zo gabana ta sunkuya, irin sunkuyon da ban ga ta yi wa kowa ba, ta daɗe ba ta ɗago ba. Wannan karon ban yi gasa da ita ba. Ta karɓi Inna daga hannuna, ta sa mini Ummi, ta ja ni zuwa kujera. Da hannunta ta ɗaure mini rigar a baya, tana ɗaurewa tana magana ƙasa-ƙasa. Amina ta ce cewa take, wata guda tana koya mini dangantakar mutanen littafi, ta kasa karanta ta mutanen da ke cin abinci a teburinta. Na ce a gaya mata ba laifinta ba ne, ɗalibar ce munafuka.

Hoton bai yi kyau ba, kada wadda ta ce in nuna mata. Ɗaurina ya karkace, hancina ya kumbura, kwalli ya zubo. Tsohuwa na gefe rungume da Inna tana sharɓe. Ummi kaɗai ce ta fito da mutuncinta, don barci take.

A hanyar komawa aka rabu mota biyu, ni da shi muka faɗa ɗaya. Muka yi nisa. Can sai ya yi gyaran murya.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Ɗazun nan fitilu sun yi ƙara, ban ji sosai ba. Ko za ki sake faɗa?"

Na ce, "Allah ya shirye ka. Fitila ce take ƙara?"

Ya juya yana kallon taga, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko dariya yake ko kuka, ban kuma tambaya ba. Na dai miƙa hannu na dafa kansa, wurin furfurar nan, na bar shi a nan har muka isa gida.